Mota Mai Ido Ɗaya a Hanyar Tabanni

Wai sana'ar rewaya ba ta da wuya. Da kunnena na ji ku, ba wani ne ya kawo mini tsegumi ba. Kuna zaune a kan bencin nan kuna danna waya, ɗayanku yana cewa ai aikin fitilar mota cire ƙwai ne a sa ƙwai, ko makaho zai iya. Kuma da wannan bakin naku kuka sallami direban farar bas ɗin nan shekaranjiya, kuka ce masa ya je ya dawo, ai ɗayar tana kamawa. To ku ajiye wayoyin nan ku matso. Ni Isiyaku Rewaya na haura shekara talatin ina cusa hannu cikin wayoyin mota a bakin tashar Birnin Gwari, kuma ban taɓa buɗe baki na ce wa direba ya shiga hanya da fitila ɗaya ba.

Aikin farko da aka sakar mini ni kaɗai, wata a-kori-kura ce ta wani mai ɗauko doya. Lokacin ina koyo a hannun Baba Danjuma, ɗan ƙabilar Gbagyi, Kirista, mutum mai ƙarancin magana wanda ya yi wa rabin motocin garin nan waya. Wata shida na yi a wurinsa ban taɓa komai ba sai wanke kan batir da riƙe testa. Testar ma ba irin taku mai lambobi ba ce, ɗan ƙwan fitila ne da waya biyu, in akwai wuta ya kama, in babu ya yi shiru. Mai doya ya ce fitilarsa ta dama tana mutuwa duk mako. Na sa sabon ƙwai, ta kama, na yi ta washe baki. Kwana huɗu ya dawo. Na sake sa wani. Da ya dawo na uku, Baba Danjuma ya ƙwace ƙwan daga hannuna ya sa a aljihu.

Ya ce, "Isiyaku, ƙwai ba ya mutuwa haka kawai. Kashe shi ake yi. Je ka nemo mini wanda ya kashe shi."

Kwana biyu na yi kwance a ƙarƙashin motar nan, ƙasa tana zubo mini a ido, ina bin waya taki-taki. Ashe a bayan batir take, inda ta goge da ƙarfe har robarta ta cinye. In mota ta faɗa rami sai ta taɓa, in ta fita sai ta saki. Da na nuna masa bai yaba mini ba. Miƙo mini dalma ya yi ya ce in haɗa, kuma kada in kuskura in murɗa waya da hannu in naɗe da salatif in ce na gama.

Bayan an haɗa ma ba a gama ba. Baba Danjuma yakan sa a juya hancin mota ta fuskanci bangon shago, a ja ta baya taku goma, ya ɗauki gawayi ya ja layi a bango. In an kunna dim, wato fitilar ƙasa-ƙasa, hasken ya tsaya ƙasa da layin. In ya haura, a ɗauki sukudireba a saukar da shi, domin wannan hasken idon mutum zai shiga. Ku kuwa yanzu me kuke yi? Direba ya sayo farin ƙwan nan mai kashe ido, ku cusa masa shi ko ta ina, ɗaya tana kallon sama tana neman tsuntsu, ɗaya tana kallon kwata. Ya fita yana makantar da bayin Allah, ku kuna nan kuna cewa kun yi aiki.

Direbobi kuwa, ba irin uzurin da ban ji ba. Wani ya ce ai akwai farin wata. Wani ya ce hanyar nan ko ido rufe zai bi ta. Akwai wani mai bas da yake ce mini, wai mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho, shi tasa ɗaya tana kamawa, wasu ma babu ko ɗaya. Yana faɗa yana dariya. Doka dai a fili take, mota fitila biyu ce a gaba, fari ko ruwan ɗorawa, duka suna aiki, kuma ba sai dare ya yi ake tambayarsu ba. Jami'an kiyaye haɗurra in suka tare ka da fasasshiyar fitila, ko da tsakar rana ne, suna da hurumin rubuta maka tara, suna da hurumin tsare motar. Amma direbanmu yana ganin in ya biya tara, ko ya yi magiya an ɗaga masa ƙafa, shi ke nan magana ta ƙare. Ya ninke takarda ya sa a aljihu ya shiga daji. Takarda tana haske ne?

Abin da ba sa so su gane shi ne, fitila ba don kai ka gani kaɗai aka yi ta ba. Ita ce take gaya wa na gabanka ko kai wane ne, da faɗinka, da inda ka ƙare. Kuma in za ta mutu, gara ta dama ta mutu. Ta hagu, ta ɓangaren direba, ita ce ke tsakiyar titi, ita ce mai tahowa yake auna ka da ita. In babu ita, abin da yake gani babur ne a gefen hanya. Zai ba ka wurin babur. Sauran rabin motar kuwa yana nan cikin duhu yana jiransa.

Wannan ba karatu na yi ba. A shekarar da hanya ta fi lalacewa na gan shi.

Wasunku suna yara lokacin, amma kun ji labari. 'Yan bindiga sun riƙe daji. Motar Kaduna ba ta tashi sai an taru an yi ayari da rakiya, wata rana a tafi, wata rana a kwana uku ana jira. Ƙauyuka irin su Gwaska, direba ko ka roƙe shi da girman Allah ba zai je ba. Kayan gyara suka yi wuya, ƙwan fitila mai kyau sai ka yi sa'a, sai jabu da ke ƙonewa kafin a kai Juma'a. Tasha ta zama kufai. Wata rana tun safe har la'asar ba motar da za ta tsaya a gaban shagon nan. Abin da ya riƙe ni a shekarar, motocin Alhaji Mudi ne. Dillalin hatsi ne, yana da a-kori-kura uku da ke shiga ƙauyukan da ake iya shiga suna kwaso masa masara, kuma duk aikin wayarsu ni nake yi. In na ce a lokacin tuwon gidana daga motocinsa yake fitowa, ban yi ƙarya ba.

Wata Laraba ce cikin damina, da hantsi, Sale ya kawo shuɗiyar. Sale direban Alhaji ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, ba ya gudu, ba ya shaye-shaye, irin direban da yake duba ruwa da mai kafin ya karya kumallo. Ya ce, "Oga Isiyaku, ta hagu ta ɗauke tun jiya. Na gaya wa Alhaji, ya ce in biyo ka sa ƙwai."

Na buɗe bonet, tun kafin in taɓa na ji ƙaurin roba. Ba ƙwai ba ne. Wani gwani, a wani gari da motar ta kwana, ya sa mata ƙwai mai cin wuta fiye da ƙarfin wayar. Da fiyus ya yi ta tsinkewa, maimakon ya tambayi dalili, sai ya cire shi ya cusa guntun waya a gurbinsa. Fiyus kuwa mai gadi ne, shi yake mutuwa don mota ta rayu. Da aka kori mai gadi, sai zafi ya narkar da soket ɗin da ƙwai yake zama a ciki, waya ta ƙone kusan kamu ɗaya, har ƙaramar fitilar gefe ta tafi. Wato ɓangaren hagu gaba ɗaya babu ko ƙyallin ashana.

Ina cikin nuna wa Sale sai ga Alhaji Mudi a bayan babur, yana tattare babbar riga. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Isiyaku, minti nawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba maganar minti ba ce. Awa biyu, in Allah ya sa na samu soket irin nata a cikin tsofaffin kayana. Sai na sauya wayar tun daga tushe."

"Awa biyu! Masara tana jibge a Tabanni, ayari gobe da safe zai tashi. In na rasa na gobe ka san ranar wani? Ja mata waya kai tsaye daga batir, ta kama kawai."

Na ce, "Wanda ya yi mata haka shi ya kawo mu nan. In na ƙara, wuta za ta tashi a tsakiyar daji, da buhuna a baya da mutum a ciki. Ba da hannuna ba, Alhaji."

Ya ce, "To a bar ta. Da rana zai tafi, da rana zai dawo. Rana tana bukatar fitila ne?"

Na nuna masa gabas. Hadari ya riga ya fara haɗuwa. Na ce, "Damina ce. Kai ka san hanyar nan, ni na san ta. In ya kafe a laka sau ɗaya, magariba za ta same shi a hanya. Ka ba ni awa biyun nan, don Allah."

Sale ya sa baki a hankali, ya ce, "Alhaji, da an bari ya gyara ɗin. Zan yi sauri wajen lodi."

Alhaji ya juya ya dube shi sama da ƙasa. Ya miƙa hannu ya ce, "Ko ka tafi yanzu, ko ka ba ni makulli. Direbobi nawa ne zaune a tashar nan ba aikin yi?"

Gaskiya ya faɗa, suna nan zaune, suna ma jin mu. Sale ya dubi makullin, ya dube ni, ya rufe bonet. Na bi shi har taga ina cewa in duhu ya kama shi ya kwana a ƙauye. Ya ce, "Oga, wa yake kwana a ƙauye da mota yanzu?" Wannan ma gaskiya ce. Ya ja ya tafi.

Abin da ya faru a hanya, daga bakin mutum biyun da abin ya shafa na ji shi, kuma maganarsu ba ta saɓa ba. Sale ya yi lodi da wuri, amma a dawowa ruwa ya sauko, motar ta kafe a wani kwari. Sai da mutanen ƙauye suka sauke rabin kaya, suka tura, suka sake lodawa. Kafin ya hau hanya sosai an yi magariba, ga yayyafi, ga duhun hadari. Ya kunna fitila, ta dama kaɗai ta amsa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma Malam Bitrus ne yake tahowa a kan babur. Malamin firamare ne a Kazage, mutumin kudancin Kaduna, ya fi shekara goma sha biyar yana koyar da 'ya'yan mutane a can. Lokacin da malamai da yawa suka nemi sauyin wurin aiki suka gudu, shi ya zauna. Ya shigo gari karɓar takardun jarrabawar yara, ruwa ya tsare shi, ya ga in bai koma ba gobe yara za su zauna ba takarda. Ya hango haske ɗaya yana tahowa. A shekarar nan kuwa, in ka hango babur a daji bayan magariba, ba ka tsayawa ka ga ko wane ne. Ƙara wuta kake yi ka wuce shi kafin ya yi tunanin tare ka. Haka ya yi. Ya ba hasken nan wurin babur, ya murɗa, ya shiga ta gefensa. Ya ce shi bai ga mota ba sam, sai da ya ji ta.

Ƙafarsa ta hagu ce ta shiga tsakanin babur da ƙarfen gaban motar.

Zan faɗi alherin Sale a nan, domin ba kowa zai yi abin da ya yi ba. Wuri ne da ba a tsayawa. Da ya taka mai ya wuce, ba mai gani, ba mai shaida. Ya tsaya. Ya yage rigarsa ya ɗaure cinyar, ya ture buhu huɗu na masarar Alhaji a cikin laka ya yi wa mutumin wuri, ya tattara takardun yaran da suka watse ya cusa a gaban mota, ya kawo shi asibiti. Daga nan ya kai kansa wurin hukuma. Ran Malam Bitrus ya tsira. Ƙafar ba ta tsira ba, daga gwiwa aka yanke.

Washegari ko shago ban gama buɗewa ba sai ga Alhaji Mudi. Wannan karon ya yi sallama, har da tambayar iyali. Ya ja ni bayan shago.

Ya ce, "Ƙaddara ta riga fata, Isiyaku. Abin da ya faru ya faru. Na gaya wa mai bincike cewa jiya da safe an kawo maka motar ka gyara fitila, lafiya lau ta tafi, a wurin karon ne ta fashe. Malamin ne ya shigo hannun Sale da gudu. In an kira ka, haka za ka ce."

Na ce, "Alhaji, ban gyara ba."

"Na sani. Wa ya ce ka gyara? Cewa za ka yi."

"Mutumin nan yana kwance ba ƙafa. So kake a ce kuma shi ne da laifi?"

Ya ce, "Kai ɗan'uwanka ne? Ko addininku ɗaya? Shekara nawa kana cin arzikin motocina?"

Wannan maganar ita ta ƙarasa ni. Na ce masa wanda ya koya mini sana'ar da nake gyara motocinsa da ita, coci yake zuwa, kuma bai taɓa tambayar addinin mai mota kafin ya haɗa waya ba. Na ce in an kira ni, abin da na gani zan faɗa, in ba a kira ni ba ma zan je. Ya kaɗa riga ya ce, "Za ka gani."

An kira ni ranar Asabar. Motar tana ajiye a harabar ofishin hukumar da Sale ya kai kansa, gefen hagu a lotse. Mai binciken wani dattijo ne mai furfura, ya ce, "Malam Isiyaku, mai mota ya ce ka gyara, direba ya ce ba ka gyara ba. Wanne ne?"

Na ce, "Yallaɓai, kada ka ɗauki maganata. Motar za ta faɗa da kanta."

Na buɗe bonet a gabansu, Alhaji yana tsaye, Sale yana tsugune ba riga. Na zaro soket ɗin na ɗora a tafin hannun mai bincike. Na ce ya duba, narkewa ya yi, karo kuwa fasawa yake yi, ba ya narkarwa. Na nuna masa wayar da ta ƙone, bakinta har ya yi kore, abin da ba ya faruwa a kwana uku. Na buɗe akwatin fiyus na nuna masa guntun wayar da aka cusa. Sannan na ciro abin da ya rage na ƙwan. Na ce ƙwan da yake kunne in ya fashe, zaren cikinsa yana da zafi, sai ya miƙe ya lanƙwashe, ya yi baƙi ko ya yi toka saboda iska ta same shi. Wannan kuwa ga shi nan fes, yana ƙyalli, ya karye ƙaras kamar tsinke. A sanyaye ya fashe. Wannan fitilar ba ta ga wuta ba a daren nan.

Ka ga inda sana'a take? Wanda ya iya cire ƙwai ya sa ƙwai kaɗai, me zai faɗa a wurin?

Da Alhaji ya ga ta nan ba hanya, nan take ya sauya waƙa. Ya ce to shi bai sani ba, Sale ne ya ɓoye masa, shi da ya sani ai ba zai bar mota ta fita ba. Sale ya ɗago kai ya dube shi da hawaye. Na ce, "Yallaɓai, a gaban shagona ya ce ko ya tafi ko ya ba da makulli. Direbobi sun fi biyar a wurin." Aka aika tasha. Cikinsu duka mutum ɗaya ne ya yarda ya zo, wani tsoho da ya riga ya daina tuƙi, ba ya tsoron rasa komai. Amma ɗayan ya isa.

Ba a kai ga kotu ba. Dattawan gari da shugabannin cocin su Malam Bitrus suka zauna, aka ɗora wa Alhaji nauyin magani da na ƙafar roba, aka yi wa motar tara. Sale ya kwana tara a tsare kafin a sake shi, domin ko me aka ce, shi ne a kan sitiyari, kuma doka direba take fara kamawa. Ku riƙe wannan. Mai mota yana gida yana shan fura, kai ne za ka tsuguna ba riga. Ranar da Sale ya fito, a ranar Alhaji ya karɓe makulli. Sale bai sake tuƙi ba. Yana nan yanzu yana sayar da rake a bakin kasuwa, kuna wuce shi kullum.

Ni kuwa na gani, kamar yadda aka ce zan gani. Motocin Alhaji uku suka koma wurin wani. Bai tsaya nan ba, ya bi masu motoci yana cewa Isiyaku ɗan tonon asiri ne, in ka kai masa mota ya ga aibinta, gobe a gaban hukuma za ka ji shi. Mutanen da na yi wa aiki shekara ashirin suka riƙa wucewa ta gaban shagon nan suna kallon wancan gefen. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya ce ƙarya na yi. Kowa ya san gaskiya na faɗa. Laifina shi ne na faɗa. Mutum ya rasa ƙafa, wani ya rasa sana'a, amma a bakin tasha wanda ya yi abin kunya shi ne rewaya. Sauran shekarar nan da gyaran tocila da rediyo da fitilar sola na ƙarasa ta. Ni da nake warware wayar tirela, na koma ina kankare tsatsa a gindin batirin tocila. Na koma gonar mahaifina na yi dawa, ita muka ci.

Bayan kamar wata takwas, wata ranar kasuwa da la'asar, ina zaune sai ga keken guragu mai inji, irin mai ƙafa uku, ya tsaya a nan inda kuke. Mutumin ya sauko da sanda biyu, ƙafar wando ɗaya a naɗe da fil, domin ta robar ba ta iso ba tukuna. Ban taɓa ganinsa a tsaye ba, sai sau ɗaya da na leƙa shi a gadon asibiti, lokacin bai san inda yake ba.

Ya ce, "Sannu da aiki, Malam Isiyaku. Ni ne Bitrus. An ce kai ne ka sa motar ta yi magana."

Na ba shi benci. Ya ce 'yan'uwansa ne suka haɗa masa keken, ya koma aji, yara suna ɗaukar masa allo. Fitilar keken ce ba ta da ƙarfi, yana so in duba. A wannan zaman ban tambaye shi komai game da ranar haɗarin ba, shi ma bai ɗauko ba. Na kwance fitilar ina goge bakin waya, muna hirar farashin taki.

Muna cikin haka sai ga shuɗiyar a-kori-kurar nan ta fito daga tasha. An buge lotsewar, an yi mata fenti, sabon direba a ciki, wani matashi. Ta nufo hanyar daji, rana ta riga ta yi sanyi. Fitilar dama tana nan. Ta hagu kuwa rami ne, an cusa leda an manne da salatif. Wata takwas! An biya magani, an biya tara, an yi fenti, amma ba a sa fitila ba.

Ni na gani, shi ma ya gani. Kafin in ajiye filaya, Malam Bitrus ya ɗauki sandunansa. Ban san mai ƙafa ɗaya yana da sauri haka ba. Ya dogara ya shiga tsakiyar titi ya tsaya. Direba ya taka birki, ya danna ham, ya leƙo yana cewa, "Baba, lafiya? Ka matsa mana!"

Malam Bitrus ya ce, "Ɗana, ka san ni?"

"Ban san ka ba."

"Motarka ta san ni." Ya ɗaga sanda ya nuna ramin fitilar, sannan ya nuna ƙafar wandonsa. "Nan ne ya ci wannan. Saura ɗaya. In za ka shiga daji a haka, to ka fara ɗauke ta a nan, da rana, kowa yana gani. Kada ka bari sai duhu ya yi ka ɗauke ƙafar wani."

Ranar kasuwa ce, kafin ka ce me, mutane sun kewaye. Masu babur suka kashe inji. Mata masu kayan miya suka sauke tire. Direbobin nan da suka ƙi zuwa shaida suna tsaye a baya, ba mai iya haɗa ido da kowa. Yaron ya kira Alhaji a waya, muna jin muryar Alhaji tana tashi. Sai wata tsohuwa mai daddawa ta matsa kusa da tagar ta ɗaga murya ta ce, "Gaya masa ya zo da kansa ya matsar da malamin!" Muryar Alhaji ta sauka. Can yaron ya sauke ta daga kunne ya ce, "Wai a gyara."

Shago mafi kusa nawa ne. Aka turo ta nan. Da na buɗe bonet, soket ɗin ma ba a sauya ba, guntun wayar nan yana nan a gurbin fiyus. Na sauya waya tun daga tushe, na haɗa da dalma, na sa fiyus na gaskiya, na samo gilashin wata tsohuwar mota na ɗaura. Duk tsawon aikin Malam Bitrus yana kan benci, sanduna a kan cinya. Na ce ya tafi kada yamma ta yi masa, ya ce yau a gari zai kwana, ba inda za shi.

Ana kiran magariba na gama. Na sa yaron ya juya hancinta ga bango, ya ja baya taku goma. Na ce, "Kunna."

Haske biyu suka faɗa a bango, kai ɗaya, ƙasa da layin gawayi. Malam Bitrus ya miƙe a kan sandunansa, ya zagaya gaban motar, ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya sa tafin hannu a kan gilashin har ya ji ɗuminsa. Sannan ya matsa gefe ya ba ta hanya.

Ya ce wa yaron, "To, yanzu mota ce. Allah ya kiyaye hanya."